Rabe-raben Iyaye Marasa Lokaci a Birnin Kano

Gidan da ke da yara ƙanana a birnin Kano yakan tashi tun kiran assalatu, ba ya kuma lafawa sai bayan isha'i. A tsakani akwai wanka, karin kumallo, cigiyar takalmi ƙafa ɗaya, boko, islamiyya, cefane da jiran wuta. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 kai yara makaranta ya koma wuyan A Daidaita Sahu da motar gida, da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma kowace fita ta zama abin lissafi. Wannan yanayi ya haifar da iyaye iri-iri. Kukansu ɗaya ne, wato ba lokaci, sai dai kowa da hanyar da nasa ke zurarewa.

Na farko shi ne Mai Hon, magidancin da ya ɗauki kai yara makaranta, ya kuma ɗauka da wannan ya sauke nauyin tarbiyya. Bakwai saura kwata yana cikin mota yana danna hon, uwargida na ciki tana fama da yara uku da hannu biyu. Tsadar fetur ta koya masa kashe inji yayin jira, amma ba ta koya masa shiga ciki ya ɗaura wa yaro igiyar takalmi ba. Duk mintin da ya ƙwato da faɗa, cunkoson Kurna zai karɓe.

Ɗan Majalisa ba zaɓarsa aka yi ba. Daga shagonsa na Kantin Kwari ko Singa yakan biyo gida ya ci tuwo a tsaitsaye, ya wuce benci inda ake gyara tattalin arzikin ƙasa da na Arsenal. Sha ɗaya na dare ya dawo, ya ɗaga gidan sauro ya leƙa, ya ce, "Ashe sun yi barci." Ya san farashin dala na safe da na yamma, amma ajin da ɗansa yake sai ya tambayi uwar. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun haihuwa na kwana 14. In aka dace Ɗan Majalisa ma'aikaci ne, bakwai za su tafi a hidimar suna, bakwai a huce gajiyar sunan a majalisa.

Uwar Biki tana da kamu ran Alhamis, yini ran Juma'a, kai amarya ran Asabar, barka da gaisuwa a tsakani. Dabararta ita ce kwasar yaran gaba ɗaya, shi ya sa 'ya'yanta suka ƙware a barci kan tabarmar mutane, kusa da lasifika. A yi mata adalci: biki bashi ne, wadda ba ta je na mutane ba ranar nata za ta ƙirga kujeru.

Kishiyarta a ɗabi'a ita ce 'Yar Kasuwar Waya, wadda ba ta fita ko ƙofar gida, amma kuma ba ta nan. Tana sayar da atamfa, turaren wuta da kayan kicin ta WhatsApp, yaro na jan zaninta tana cewa, "Ina zuwa, bari in sallami Hajiya." Hajiyoyin ba sa ƙarewa. Mai son zarginta ya fara tambayar wa ke cika kuɗin makaranta.

Irin da ya fi cancantar nazari shi ne Mai Tara Karatu, ana kuma samunsa a maza da mata. Ɗansa ɗan shekara huɗu yana boko da safe, darasin ƙari bayan an tashi, islamiyya bayan la'asar, malamin gida bayan magariba, hadda Asabar da Lahadi. Makarantar allo ta gargajiya tana sakin yara Alhamis da Juma'a, boko tana sakinsu Asabar da Lahadi. Mai Tara Karatu ya haɗa tsarin biyu da gwanintar da yaron bai tsira da ko rana ɗaya ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kullum. Yaron yakan cike giɓin a cikin A Daidaita Sahu, kansa bisa jakar wani. Niyyar uban ba ta da aibi, yana so ne ɗansa ya zama likita kuma mahaddaci. Gaggawar da yake yi ce kamar ta manomin da ke jan dawa da hannu don ta yi tsawo. In aka ce masa yaro na bukatar wasan ƙasa, sai ya tambayi nawa ake biya a zango.

Mai Miƙa Waya bayaninsa gajere ne. Ƙa'idar nan ta 2019 ta ce kada ɗan ƙasa da shekara 2 ya zauna kallon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya. A gidansa kamfanin wuta ne kaɗai ke aiwatar da ita. Haka ma Mai Alkawari, wanda zai kai yara gidan zu "in an yi hutu", sannan "da Sallah", sannan "in an ga albashi", har babban ya isa kai ƙannensa da kansa.

Sai masu cewa sun gano bakin zaren. Waɗannan ana ganinsu fes, ba haki ba gumi, har suna ba wasu shawara. In aka leƙa gidan za a tarar nauyin bai ragu ba, kafaɗa ya sauya: ko kaka, ko 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye wadda ita ma yarinya ce, ko babbar 'ya mai shekara tara da ake kira Yaya tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Kaka dai tana mita, "Kun mai da ni mai raino," amma in aka kwana biyu ba a kawo jikokin ba ita ce za ta bugo waya tana tambayar laifin da ta yi. Sauran biyun ba mai tambayarsu.

Ƙarin lokaci ba ya sauya iri. A Disamban 2021 jihar Kaduna ta mayar da aikin gwamnati kwana huɗu a mako, ban da Juma'a. Ba sai an yi duba ba za a san inda Ɗan Majalisa da Uwar Biki za su kai irin wannan Juma'a in ta faɗo hannunsu.

Iri na ƙarshe ba shi da yawa, kuma da ragi ake gane shi. Uwar takan bar biki ɗaya cikin uku ta aika da gudummawa. An soke darasin ƙari. Uban yakan dawo daga masallaci ya zauna a tabarma a ci tuwo tare, wani lokaci har a yi gatanan gatananku. Ba kyauta suke samun wannan ba: dangi na cewa matar ba ta da zumunci, majalisa na kiran mijin mijin-ta-ce, maƙwabta na tausaya wa yaran don za a bar su a baya. A layinsu dai yaransu ne kaɗai ke kwanciya kafin ƙarfe tara.