Manomin Ganyen da Ba a Miya da Shi

A Zuru ba a cika tambayar namiji ko yana noma ba, sai dai a tambaye shi dami nawa ya ɗaure bana. Idan hira ta biyo ta nan a majalisa, nan take nake tuna cewa ina da wani uzuri a gida. Ba wai ba na taɓa ƙasa ba ne, farcena ma shaida ne. Abin dai shi ne gonata tana cikin bokitan fenti da tsofaffin robobin wanka da jarkokin manja da aka yanke wa kai, kuma duk abin da ke cikinsu babu wanda ake ci. Ganye ne zalla: wani mai zane, wani mai huji, wani mai ɗigo-ɗigon ja.

Ba na iya wuce tsiron da ban sani ba. In na je duba mara lafiya, bakina yana sannu, idona yana kan tukunyar da ke bakin ƙofa. Na taɓa zama a gidan rasuwa ina ta lissafin yadda zan roƙi reshe ɗaya ba tare da an ce ba ni da imani ba. Na daure har aka yi sadakar uku, sannan na roƙa. Aljihuna ba ya rabuwa da reza da leda. Masu sayar da furanni a bakin titi a Kaduna da Abuja kuwa tun daga nesa suke gane irinmu. "Alhaji, ga wani sabo, daga waje ya zo." Ban taɓa taka Makka ba, amma da zarar an ce "daga waje" hannuna ya riga ya shiga aljihu. Daga nan sai ɗawainiyar kawo shi gida ta Kontagora da Rijau, ina rungume da shi a cinya, ina kare shi da jikina duk lokacin da mota ta faɗa rami. Wani direba ya daɗe yana leƙena ta madubi, can ya ce, "Malam, wannan na basir ne ko na shawara?" Na ce na shawara ne. Ya fi mini sauƙi a ɗauke ni mai magani da in faɗi nawa na saye shi.

Da a wani gari nake da abin bai kai haka zafi ba. Amma nan ƙasar Dakarkari ce, inda a al'adar golmo saurayi yakan shekara da shekaru, har bakwai, yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Nan ake bikin Uhola don godiya a kan amfanin gona. Nan ne Kwalejin Aikin Gona ta daɗe tana yaye malaman gona, kafin gwamnatin tarayya ta mayar da ita jami'ar aikin gona a 2020. A irin wannan gari ne ni, da gemuna, nake durƙusawa da asuba ina goge ganye da tsumma.

Maƙwabcina dattijo ne, tsohon soja, kamar yadda kusan kowane layi a Zuru yake da nasa. Ranar da ya ga caladium ɗina, mai faffaɗan ganye ja da fari, sai ya dogara sandarsa ya ce, "Ɗana, wannan gwazar taka yaushe za ta yi 'ya'ya?" Na gyara murya na yi masa bayani: gaskiya dangin gwaza ce, amma asalinta Kudancin Amurka, ba a cinta, in ma aka tauna ƙaiƙayi za ta sa a baki, don kallo kawai ake shuka ta. Ya yi shiru yana kallon layin bokitaina har ƙarshe. Ya ce, "Ni na yi golmo na samu mata. Kai wannan golmon da kake yi, wa za a ba ka?" Na ce, "Baba, a sa mu a addu'a."

Damina ce ke yaudarata. Zuru ta fi arewacin Kebbi samun ruwa, daga wajen Mayu har Oktoba duwatsun nan suna shar, iska da laima, ko tsinke ka soka a ƙasa sai ya yi tunanin tofo. A watan Agusta har shawara nake ba mutane. Sai hunturu ya shigo ya tona asiri. Tsire-tsiren da nake mutuwar so, irin su monstera mai yagaggen ganye da ta fito daga dazuzzukan kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, a ƙarƙashin manyan itatuwa suka saba rayuwa, cikin inuwa da iska mai danshi. Zafi bai dame su ba, bushewar iska ce ajalinsu. Ganye yana zubar da ruwa fiye da yadda saiwa za ta iya jawowa, sai gefensa ya ƙone ya naɗe ko da ƙasar bokitin a jiƙe take, ga ƙura ta lulluɓe shi. Shi ya sa nake tara su wuri ɗaya a bayan ɗaki inda iskar gabas ba ta bugu, in rataya jiƙaƙƙen buhu, in bi su da tsumma. Leɓen yarana yana tsagewa a wannan lokaci, kuma sai an tuna mini nake sayo man kaɗanya.

Bazara kuma nata salon daban. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, baƙar roba tana dafa saiwa a tsaye. Tukunyar ƙasa ta fi, domin tana tsatsafa ruwa ta sanyaya cikinta, dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan. To amma tana shan ruwa, a daidai lokacin da rijiya ta ja baya 'yan garuwa suka ƙara kuɗi. A nan ne zaman lafiyar gidana yake shiga gwaji. "Malam, ina ruwan da na ajiye na girki?" Sai in ce ai yara ne. Yanzu mun yi sulhu: ruwan alwala da na ɗaurayar shinkafa nawa ne, na randa kuma haramiyata.

Ban hana kaina yabo kaɗan ba, domin gawarwakin da na binne sun koya mini abubuwa. Tsiron cikin tukunya ya fi mutuwa da yawan ruwa a kan ƙishirwa, saboda saiwa ma numfashi take. Bokitin da ba a huda gindinsa da zazzafar ƙusa ba kabari ne. Jar ƙasar tsakar gida takan daskare ta zama bulo, sai an gauraya ta da yashin rafi da ruɓaɓɓen takin shanu da buntun shinkafa da ɗan garin gawayi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, ya kuma gayyato gara. Kafin a zuba ruwa a tura yatsa, in da danshi a haƙura. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, ruwan sabulu da jiƙon ganyen dogon yaro suna rage shi. Akuya ce kaɗai ban samo wa magani ba. Ta maƙwabta ta san farashi: ta tsallake dieffenbachia, wadda ruwanta ke kumbura baki har na ɗaga ta sama saboda yara, ta je ta cinye wanda na fi kashe wa kuɗi.

Idan abin ya ishe ni nakan lallashi kaina da tarihi. Turawan Ingila sun yi wannan ciwo fiye da ni. A lambun Kew da ke Landan sun gina katafaren ɗakin ƙarfe da gilashi, aka gama shi a 1848, suna ƙona kwal don kawai itatuwan ƙasashen zafi su ji kamar suna gida. Sai dai su ba su yi asara ba: a 1876 Henry Wickham ya kwaso irin itacen roba kusan 70,000 daga Barazil zuwa Kew, daga 'yan waɗanda suka tsira aka kai dashe Silon da Malaya, arzikin roba ya koma Asiya. Nakan kuma tuna wa mutanen gida cewa mangwaro da dogon yaro daga Indiya suka zo, masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono daga nahiyar Amurka, kuma duk wanda ya fara shuka su a ƙasar nan baƙon abu ya shuka. Inna ta saurare ni har na gama ta ce, "Shi ai ya ci nasa."

Na gwada kuwa in shuka abin ci, don in rufe bakin mutane. Amma maimakon gwanda ko zogale, tuffa na zaɓa. Ƙwayar tuffa ba ta tsira sai ta yi watanni cikin sanyi, itacen ma yana bukatar lokacin sanyi mai tsawo kafin ya yi fure yadda ya kamata. Na naɗe ƙwayoyin a jiƙaƙƙen tsumma na cusa a firjin da uwargida ke sanyaya zoɓon sayarwa. Da yadda wuta ke zuwa tana tafiya, ƙwayoyin sun ga hunturu da bazara sau da yawa a rana guda, suka rasa wanne za su bi, suka ruɓe. Strawberry da na ɗauko daga Jos, inda tudun ya haura mita 1,200 sama da teku, ta ba ni 'ya'ya ƙanana masu tsami sannan ta yi sallama.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na wani mai kumburarren gindi da fure ja mai ninki, wanda aka ce mini daga Tailan aka kawo shi. Na ba shi wuri mafi kyau a gidan. Kawuna, tsohon maharbi, ya zo ya duƙa ya latsa gindin da babban yatsa ya ce, "Kai, ashe kariya kake bauta wa? Kada ka bari ruwanta ya shiga idon yaro, dafi ne." Gaskiyarsa. Kariya 'yar Sahel ce, ana samunta har gabashin Afirka da ƙasar Larabawa. Masu lambu a Tailan da Taiwan suka ɗauke ta suka yi ta aurar da iri har furen ya ninku, suka dawo mana da ita da tsada. Kawu bai tsaya nan ba, ya nuna mai dogon ganye tsaye kamar takobi, wanda ake jerawa a ofisoshi da otal-otal a duniya, ya ce moda ce, da zarenta ake tsirkiyar baka. Ita ma 'yar yammacin Afirka ce.

Waɗannan biyun su ne ba su taɓa ba ni wahala ba. Kariya tana ajiye ruwa a gindinta, ta zubar da ganye da rani ta yi fure abinta. Moda ko wata guda aka manta da ita ba ta fushi. Kuma tun ranar da Kawu ya faɗi sunayensu na ji sun fita raina. Na mayar da su kusa da makewayi. A nan na gane cewa ba son tsiro ne ke damuna ba, da shi ne da na rungumi waɗanda ke sona. Ni dai a ce abu daga nesa ya zo, ba ya son ƙasarmu, ba ya son iskarmu, sai an yi masa fadanci kafin ya fitar da ganye ɗaya.

Kwanan baya aka tura ƙanena aiki Taraba, can wajen Gembu a tsaunin Mambila, inda ake noman ganyen shayi cikin sanyi da hazo. Ya bugo waya yana tambayar tsarabar da muke so. Uwargida ta ce zuma. Na bari ta shiga madafi na fita ƙofar gida na sake kiransa, na ce ya nemo mini dashen shayi. Ya ce, "Yaya, can fa da bargo ake kwana ko da bazara. Wallahi ba zai yi a Zuru ba."

Na ce na sani, ya kawo uku.