Zama Ma Kuɗi Ne

Bahaushe ba ya jin nauyin cewa "nawa ne?". Ko ruwan leda zai saya sai ya tambaya, ko da jiya ma a wurin ya saya. Amma je ka wani gidan shan kofi na alfarma a Turai, ka buɗe baki da tambayar farashi, ka ga kallon da ma'aikacin zai yi maka, sai ka ce rancen kuɗin mota ka zo nema.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. A Italiya kofi ɗaya farashi biyu gare shi. Ka kurɓe a tsaye a bakin kanta, ka biya kaɗan. Ka ja kujera ka miƙe ƙafa, kuɗi ya hau. A dandalin San Marko na birnin Venis akwai gidan kofi mai suna Florian, tun 1720 yake ciniki. In ka zauna a waje makaɗa na ta goge, sai an saka maka kuɗin kiɗa a takarda, ko da kai kurma ne. Faransawa ma farashin kanta daban, na baranda daban, sai dai doka ta tilasta a liƙa farashin, mai ido ya gani.

Amurka kuwa ko ka tambaya ba ka tsira ba. Galibi abin da aka rubuta babu haraji a ciki, balle tukuicin ma'aikaci, wanda kan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari.

Don haka malam, in tafiya ta kai ka can, su harare ka in sun ga dama, kai dai ka tambaya tun kana tsaye.