Sallar Farko ta Wanda Ya Bar Ƙwaya

Mu fa akwai mu da iya tarairayar mai ciwo ranar Sallah. Idan Hajiya Babba na da ciwon suga, tun jajibere an ware mata zoɓonta marar sukari, an ja wa yara kunne kada wanda ya kai mata alkaki, in baƙo ya miƙa mata lemon kwalba mutum uku ne za su yi wuf su karɓe. Kowa ya sani, babu mai jin kunya. Amma a gidan nan dai, a ɗakin soro, akwai saurayin da wata biyu ko uku ke nan rabonsa da tiramol ko kodin, Sallar ta fi yi masa nauyi a kan kowa, kuma ba mu shirya masa komai ba sai shadda da hula. Nasa ciwon ba a faɗa. In an tambaya sai mu ce ya ɗan je wajen kawunsa ne a Kaduna, alhali rabin layin sun san asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa aka kai shi, mun kuma san sun sani, a haka za a yi barka da shan ruwa a wuce.

Ba gida ɗaya ba ne, kada wani ya taka nasa tudun ya hango na maƙwabci. Rahoton 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye cikin shekara guda a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki dangin tiramol da kodin ne suke sha, Kano kaɗai ta haura miliyan ɗaya. A shekarar ne gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan fim ɗin da BBC ta yi a kan kodin, muka yi ta sam barka. Kwalbar ta yi tsada, amma ba ta bar unguwa ba.

Azumi ne ke riƙe mana yaran nan, mu faɗi gaskiya. Yini ba ci ba sha, majalisa ta watse, da la'asar tafsiri, da dare asham, goman ƙarshe tahajjud, gari duka cikin takura ɗaya, babu mai jin shi kaɗai aka hana. Da yawa ma a watan suke ɗaura niyyar bari. Makon farko ka ga yaro yana gumi, yana hamma, hanci na yoyo, ciki na murɗawa, gaɓoɓi na ciwo, barci ya ƙi, mu kuwa mu ce zazzaɓin azumi ne, alhali jiki ne ke kukan abin da ya saba. Ya daure ya wuce wannan. Sai a ga wata, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, mu duka mu saki jiki lokaci guda: mai sigari ya kunna tun da hantsi, mai goro ya cika kunci, mai shayi ya dawo da teburinsa, har muna yi wa juna tsiya wai an kwance shaiɗanu. Duk abin da ya yi wata guda yana jingina da shi mun janye cikin dare ɗaya, muka ce masa barka da Sallah.

Sai batun goron Sallah. Kawu ya iso daga Abuja, an raɗa masa cewa yaro ya shiryu, daɗi ya kama shi, ya kira shi soro ya ƙirga masa sababbin kuɗi a tafin hannu: "Ungo, ɗana, ka sha ruwa, Allah ya ƙara shirya." Da zuciya ɗaya ya bayar. Yaron kuma ba zai iya cewa a'a ba, don mayar da kyautar babba rashin kunya ne a wajenmu. Ga kuɗi a aljihu, ga yini babu aiki, ga dila layi uku kacal daga nan, ya san ƙofar ko ido a rufe. A cikin gidan kuma, Gwaggo tana ganin ya shigo gaisuwa sai ta jawo jakarta ta danne da cinya, tana murmushi tana cewa "Lale da ɗan albarka," ta ɗauka bai gani ba. Ya gani sarai. Wanda ya yi shekaru ana ɓoye masa jaka ya fi kowa saurin gane motsin hannun nan. Ɗaya ya ba shi abin da zai kayar da shi, ɗaya ta nuna masa ba a yarda ya tashi ba, kuma dukansu biyun suna ƙaunarsa.

Bakinmu kuwa, sai addu'a. Ya durƙusa gaisuwa muna leƙa ƙwayar idonsa ko ta yi ja. "Kai, ka yi ƙiba, lallai an daina." "Sa'anninka duk sun ajiye iyali." Yana juya baya wata ta ce, da muryar da za ta kai masa, "Allah dai ya sa ba tuban muzuru ba ne." Kowane gida ya shiga yawon Sallah sai an ba shi cincin an haɗa masa da wa'azi, kafin la'asar ya sha nasiha ta ishe shi. Wuri ɗaya ne a duk unguwar da ba za a yi masa wa'azi ba, inda za a miƙe a rungume shi a ce "Mutumina, ka ɓuya!", wato tsohuwar majalisarsa. Can ma irin karin maganarmu suke yi: Sallah biki ɗaya rana. A miƙo masa robar lemo da an riga an buɗe, wadda launinta ke ɓoye abin da aka zuba, a ce ɗan taɓa kaɗan, albarkacin yau.

Wannan kaɗan ɗin ne ke ba ni tsoro, kuma nan ne raha ke tsayawa. Jikin da ya yi wata biyu bai sha ba ya daina jure abin da yake jurewa da. Yaro ya koma kai tsaye kan adadin da ya saba, abin da a baya caji kawai yake yi masa yanzu yana iya danne masa numfashi. Tiramol da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, wanda ke yawo a lungu har da mai 225, kuma in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mu kuma me muke yi? In ya faɗi yana karkarwa mu ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. In ya dawo ya zube yana wani irin minshari mu ce a bar shi ya yi barci ta sake shi, ko a ɗura masa madara, abin da ke iya shaƙe shi. Wanda aka girgiza bai farka ba, numfashinsa na ja da nisa, leɓensa ya yi duhu, a kwantar da shi ta gefe a nemi a-daidaita-sahu zuwa asibiti a lokacin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga mata ma, waɗanda binciken nan ya ce ɗaya ce cikin kowane huɗu masu sha. Ita macen ba ta da soro balle a ce ta je Kaduna. Tana tsugune gaban tukunyar tuwon Sallah tun asuba, da yamma ƙawayen da suka saba zuba mata a lemo su zo ganin lalle, ba wanda ya san tana yaƙi balle ya tsaya mata.

In kuwa aka yi rashin sa'a ya zame sau ɗaya, sai mu tafa hannu mu ce hali zanen dutse, a fara maganar gidan mari, kamar ba da idonmu muka ga mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa a watan Satumbar 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa. Likitocin asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kware da Barnawa sun saba ganin mai zamewa, cikin ciwon ne, abin da suke so a dawo da shi da wuri.

Amma fa muna da dabarun da suka fi ƙarfin dila, ba mu dai lura da su ba ne. Mun iya ɗora wa mutum aiki har ya rasa lokacin sosa kai. Da babbar Sallah a ba shi wuƙar fiɗa, shi ne babbakar kai da ƙafa, shi ne rabon nama gida-gida. Da ƙaramar Sallah a haɗa shi da ƙannensa ya kai su kallon hawa ko gidan zu, mai riƙe da hannun yarinya 'yar shekara biyar ba ya ratsewa lungu. Mun iya "Baba na kira," wadda ta fitar da mu daga wurare da yawa ba tare da an ji haushi ba, sai a ba shi ita ya riƙe a aljihu. Kawu ya iya ba Inna ajiyar goron Sallar. Gwaggo ta iya aike, ta miƙa masa kuɗin cefane kaɗan ta karɓi canji ba ta ƙirga a gabansa ba. Mai shan maganin asibiti a karɓo masa tun kafin hutun Sallah ya rufe ɗakin ganin likita. Yayansa kuma ya kira shi da magariba, lokacin da baƙi suka watse, gida ya yi shiru, kiɗa ya tashi a bayan layi.

Kuma Sallah ba ta ƙarewa ranar da aka naɗe shadda, don katunan bikin bayan Sallah sun riga sun cika gari, har da na abokinsa na ƙuruciya wanda ba zai yiwu ya ƙi zuwa ba. A irin gidan da aka gane, tun da sauran mako za ka ji Inna ta kira babban ɗanta gefe: "Kai za ka raka ƙanenka ɗaurin auren nan, ku ci abinci ku yi hoto, fatin dare kuma ba da ku ba. In an yi isha ku dawo tare, kuɗin mai na wajena."