Ba Yawan Tunaninka Ba Ne, Malam

Na gan ka ka dafe kai, wai yawan tunani ne ke fitar wa mutum da ƙari a ƙwaƙwalwa. Kwantar da hankalinka, Malam. In dai tunani ne, ai kai ka tsira tun tuni.

Ka ce to wayar salula ce? Wayar da kake kwana kana latsawa, yau kuma ita za ka kai ƙara? Bitar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wadda ta fito a 2024, ba ta ga alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba. Ka ce jifa ne? Haba! Ƙyale maƙwabcinka ya sarara.

Zancen tun kana cikin mahaifiya ya faro. Akwai ƙwayoyin halitta na asali, su ne ke rabuwa suna hayayyafa har ƙwaƙwalwa ta kammala. Ƙa'ida ita ce kowace ta girma, ta kama aikinta, ta bar haihuwa. Amma in kuskure ya shiga umarnin gadon da ke cikinta, sai ta ƙi girma, ta yi ta haihuwa ba ji ba gani. Haka ƙari da yawa ke tsirowa. Shi ya sa ƙananan yara ke samun wani ƙari mai suna medulloblastoma a sashen ƙeya, wurin da bai gama ginuwa ba ko bayan haihuwa. Gaya mini, wane bashi ne ya hana ɗan shekara uku barci?

Ka ce sabon yayi ne na likitoci? Tun 1926 Harvey Cushing da Percival Bailey, a Boston ta Amurka, suka rarraba ƙarin ƙwaƙwalwa bisa kamanninsa da ƙwayoyin ɗan tayi. A 2004 kuma Sheila Singh da Peter Dirks, a Toronto ta Kanada, suka tace ƙwayoyin ƙari masu wata alama, CD133. Guda 100 kacal da aka dasa a kan ɓera suka tayar da ƙari. Marasa alamar, har 100,000, ko gezau.

Ka ce ɓera ba mutum ba ne? Madalla da wannan babban bincike naka! Sai dai ƙwayoyin daga kan marasa lafiya aka ciro su. A 2018 masu bincike a Koriya ta Kudu sun gano tushen kuskuren wani ƙari mai suna glioblastoma a wani lungu da ƙwayoyin asali ke saura a ƙwaƙwalwar manya, nesa da inda ƙarin ya fito.

Ka ce a yanke kawai a huta? Bismilla, ga wuƙa. Wanda ya rushe suri ya bar sarauniyar gara, aiki na nan na jiran sa. A 2006 an nuna a Jami'ar Duke cewa ƙwayoyin ƙari masu alamar CD133 sun fi sauran iya gyara kansu bayan gashin da ake yi wa ƙari a asibiti, abin da ke taimaka wa ƙari ya dawo.

Kada kuma ka ruga gida ka ce kowane ciwon kai ƙari ne. Naka wataƙila yunwa ce. Amma ciwon kai mai ƙaruwa da aman safiya, ko farfaɗiya ta fara wa babba, ko yaro ya soma tangaɗi, wannan ba na mai chemist ba ne. A tafi asibiti likita ya duba, a ɗauki hoton kai. Gardamar kuwa, mu ƙarasa in ka dawo.