Yallaɓai, A Yi Haƙuri

A cikin mota kowannenmu lauya ne, matuƙar ba a hango shinge ba. Ka shiga Sharon daga Unguwa Uku za ka Kaduna, kafin a kai Kwanar Ɗangora an gama yanke wa 'yan sandan ƙasar nan hukunci kaf. Na gaba yana cewa ai ba su da ikon tsayar da mota haka kawai, na baya yana rantsuwa cewa shi duk ranar da aka tare shi sai an yi ta ta ƙare, direba yana gyaɗa kai yana ƙara gishiri, har da cewa shi tun da ya kama sitiyari bai taɓa ba wani ko sisi ba. Can sai a hango duro biyu da tsohuwar taya da katako mai ƙusoshi a tsakiyar titi. Nan take mota ta yi tsit. A rage rediyo, mai waya ya jefa ta aljihu, direba ya jawo bel ya ratayo a kafaɗa ya danne bakinsa da cinya, ya zuge gilashi da fara'a har kunne: "Ranka ya daɗe, barka da aiki, ya rana?" Hannun hagu kuwa tuni ya nannaɗe abin da zai nannaɗe.

Kada wani ya ce ban da shi. Mai motar gida, mai adaidaita sahu, direban tirela, Hajiyar da ke kai yara makaranta, duk kanwar ja ce. A cikin gari in akwai 'yan KAROTA ko KASTLEA a danja kowa mai ladabi ne, in ba sa nan jar fitila ado ce, wanwe kuma gajerar hanya. Muna ma da yarenmu na hanya da ba a koyarwa a ko'ina amma kowa ya iya. Motar da ke tahowa ta haska maka fitila sau biyu, direban ya nuna ƙasa da yatsa, ka san 'yan Rod Sefti suna bayan kwanar nan. Mutumin da a cikin gari ba zai ba ka hanya ba ko da mai naƙuda ka ɗauko, shi ne a daji zai yi maka wannan zumunci kyauta, bai san ka ba bai san garinku ba. Daga nan sai shiri ya kankama. Kujerar gaba da aka yi don mutum ɗaya mun zuba biyu, to sai ɗaya ya sauka ya taka da ƙafa, ya wuce ta gaban jami'an yana kallon gefe wai shi gona za shi, da takalmi sau-ciki da jakar hannu, a tsince shi a gaba. Su ma sun gan shi, shi ma ya san sun gan shi. Tukunyar kashe gobara kuwa guda ɗaya tana iya yi wa motoci uku hidima a tasha, wanda layi ya zo kansa shi ke ara, kuma in ka girgiza ta ba abin da ke motsi a ciki tun ranar da aka shigo da motar daga Kwatano. 'Yan acaɓa ma ba a bar su a baya ba: a farkon 2009, da aka tilasta sa hular kwano, an ga masu ƙwarya a ka a titunan Kano, har labarin ya zaga duniya.

Sai batun abin da ake miƙawa. Da can 'yar Murtala ce, naira ashirin, ita ce ma ke yawo a 2010 lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan karɓar kuɗi da 'yan sandan Najeriya ke yi, har da na shingaye. Yau 'yar Murtala ta daina fita aiki, mai hamsin ta bi ta, ɗari ma ana yi mata kallon raini, sai mai hoton Sardauna zuwa sama. Abin ya zauna har in ka miƙa ɗari biyar ana ba ka canji, kai ma ka tsaya ka ƙirga. Yaron mota tun daga tasha yake ware na hanya a aljihu daban, an riga an lissafa shi cikin kuɗin mota, haka mai daf da ya ɗauko tumatir ko albasa zuwa Legas ya lissafa nasa, ya ɗora wa mai kaya, mai kaya ya ɗora wa mai cefane. Wanda bai taɓa mallakar ko keke ba yana biyan kuɗin shinge a cikin tukunyar miyarsa. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC a 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga mai karɓa, ta tanadi irinsa ga mai bayarwa, kuma ba wanda bai ji a wa'azi ba cewa tsinuwa ɗaya ce ta haɗa su. Amma mu mun yi rabo: in shi ya karɓa ya ci haram, in mu muka bayar neman sauƙi muka yi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne da yawa cikinmu dole ce ke sa su bayarwa, don akwai jami'in da ko takardunka sun cika fal sai ya ƙirƙiro maka laifi, ya shanya ka da lodin kayan gwari a rana. Wannan zalunci ne, kuma babu sunan da za a sa masa ya tashi daga zalunci. Sufeto Janar Mohammed Abubakar ya ba da umarnin a kwashe shingaye a 2012, waɗanda suka gaje shi sun maimaita, amma kowane karo duro da taya suna komawa mazauninsu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi wa direban da ya ƙi bayarwa. Akwai irinsu a kowace tasha, galibi dattawa, takardunsu a naɗe cikin leda a aljihun mota, lasin bai mutu ba, inshora ta gaske ce, safayar taya da iska. Ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Baba, yaya ne, yaranka fa suna rana." Baba ya ce, "Allah ya ba da lada, ɗana, ga takardu." A ce ya yi fakin. Ya gyara fakin, ya kashe mota, ya jawo carbinsa. Ba za a yi minti biyar ba sai cikin mota ya ɗauki zafi, kuma ba da mai kaki ake faɗan ba. "Haba Malam direba, saboda ɗari biyu za ka shanya mu?" "Ni fa ɗaurin aure nake son riska." "Wannan ai taurin kai ne, kai kaɗai za ka gyara Najeriya?" Wata Hajiya daga kujerar baya ta zuge jaka ta ce, "Ungo, ɗan nan, kai musu, Allah ya raba mu da wahala." Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa, in ka waiga da kyau, shi ne mai rantsuwar ɗazu. Kafin Baba ya komo tasha labari ya riga shi, 'yan kamasho suna yi masa dariya, gobe fasinja suna kauce wa motarsa wai ba a isa da wuri. Haka muke gajiyar da mai gaskiya da hannunmu har ya saki ya bi sahu.

Masu motar gida nasu salon daban ne. Hular soja a kan dashbod, ko sitikar ƙungiyar lauyoyi a gilashi, ko dorina a rataye, alhali mai motar shadda yake sayarwa a Kantin Kwari. In an tsayar da shi, maimakon takarda sai ya miƙa waya: "Riƙe, ga kawuna zai yi maka magana." Kawun nan tun tuni ya yi ritaya, barcin rana yake aka tashe shi, bai ma gane wane ɗan ne cikin 'ya'yan dangi ba. Wani da "Ka san ko ni wane ne?" zai buɗe baki. In duk ba ta ɓulle ba sai a sauko a koma magiya, a kawo mara lafiya a asibiti, a kawo jana'iza, a haɗa da girman iyaye.

Duk wannan faɗi-tashi muna yin sa ne a kan abin da doka ta riga ta rubuta, mu ne ba mu nemi sani ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta ba ɗan sanda ikon ya tsayar da mota ya bincika idan yana da dalilin zargi, don haka masu cewa ba shi da iko su daina ruɗin jama'a. Sai dai dokar nan ta ɗaure shi shi ma. Dole ya kasance cikin kaki ko yana sanye da katin shaidarsa a fili. Kafin ya sa hannu a but ɗinka, haƙƙinka ne ya faɗa maka sunansa da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilinsa. Askinka ko shigarka ko shekarunka ba dalilin zargi ba ne, wannan kam samarinmu masu tara suma ya kamata su haddace shi. Wayarka sirrinka ce, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin mutum da maganganunsa na waya, hedikwatar 'yan sanda da kanta ta sha nanata cewa ba aikin jami'i ba ne ya tsaya a titi yana tonon wayoyin mutane, kuma wannan ɗabi'a na cikin abin da ya hura wutar zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. Ba a kama ka a madadin ƙaninka. In ta kai ga caji ofis, kana da damar ka yi shiru har ka ga lauya, beli kyauta ne, kuma inda akwai kotu cikin nisan kilomita 40 bai halatta a riƙe ka fiye da kwana ɗaya ba tare da an gurfanar da kai ba.

Tara ma da hanyarta. Hukumar kiyaye haɗurra, wato Rod Sefti, wadda aka kafa a 1988, takarda take rubuta maka ka je banki ka biya, ba a hannu ba. A jadawalin da ta daɗe tana aiki da shi, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, waya a kunne kana tuƙi 4,000, yunƙurin ba jami'inta na goro kuwa 10,000. Su ma 'yan VIO na Abuja, a Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya ta ce ba su da hurumin tare mota a hanya, ko ƙwace ta, ko cin tarar mai ita. Wani lauya ne ya kai su ƙara, bai tsaya cacar baki a bakin titi ba. Amma fa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da wane baki za ka tambayi jami'i sunansa alhali lasinka ya mutu tun bara, inshorarka kuma a gindin bishiya aka buga ta? Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, ba ta kai kuɗin rabin tanki ba, amma sai mu ƙi yin ta, mu yi shekara muna biyan ninkinta da ɗari biyu ɗari biyu, ga gaisuwar dole ga faɗuwar gaba.

Ita kuwa tsayawa ba a shawara a kanta. In an ɗaga maka hannu ka rage gudu, ka sa sigina, ka sauka gefe, da dare ka kunna fitilar ciki ka rage ta gaba, hannunka a kan sitiyari inda za a gan shi. Mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu 20 ga Janairun 2012, ranar da aka kai hare-hare kan ofisoshin 'yan sanda aka kashe mutum fiye da 150, da watannin da suka biyo baya da aka riƙa tura babur da hannu a gaban shinge. Wanda ke tsaye a titin nan tun asuba ɗan wani ne a unguwarmu, da shi aka yi makarantar allo, bai san abin da ke cikin motarka ba, shi ma gabansa na faɗuwa. Mutumin da ya haɗa tsoro da gajiya da bindiga ba a yi masa tsawa, ba a cin kwalarsa, ba a fizgar mota a gudu a gabansa. An rasa direbobi da yaran mota da fasinjoji a hanyoyin ƙasar nan a kan kuɗin da bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba, kuma ba wanda ya dawo da su. Ka yi magana a hankali, ka bi shi zuwa but ka tsaya a buɗe a rufe a kan idonka, ka karanta sunan da ke ƙirjinsa, ka riƙe lambar motarsu da wurin da lokacin. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Rundunar 'yan sanda tana da sashen karɓar ƙorafi tun 2015, ana samunsa ta waya, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, kuma an sha ganin an tuɓe wa jami'i kaki bayan ƙorafi ya isa inda ya dace.

Roƙona ga shugabannin tashoshinmu shi ne a rubuta waɗannan ƙa'idoji da Hausa, na direba da na jami'i, a manna su kusa da allon kuɗin mota inda kowa zai karanta kafin lodi ya cika. Kai kuma ɗan'uwa fasinja, ranar da ka faɗa motar direban da ya miƙa takarda ya ƙi miƙa kuɗi, ka daure da zafin motar, ka hana na kusa da kai yi masa ihu, in da hali ma ka fito ka tsaya kusa da shi har a sallame ku.