Garba Nawa Ne A Gidanmu?

A FamilySearch, manhajar salsala da cocin Mormon ke gudanarwa daga Salt Lake City a Amurka, bishiya ɗaya ce tal ga duniya duka, kuma kowa na iya sa mata hannu. Idan manhajar ta ga sunaye biyu sun yi kama, sai ta tambaya ko mutum ɗaya ne, a haɗe su. Wannan tambaya ce ta tona halin danginmu.

Ga Sarkin Gaggawa. Ya ji an ce Abubakar, Garba, Habu da Buba suna ɗaya ne, sai ya tattara su kaf ya zuba a tukunya guda. Ya manta cewa a wurinmu jika yakan ci sunan kakansa. Kafin la'asar, Garban da aka haifa a 1990 ya zama mijin kakarsa Hajiya, uban mahaifinsa. Wasan jika da kaka ya koma aure a rubuce, ba sadaki ba shaidu.

Kishiyarsa ita ce Malama Taka-tsantsan, wadda ba ta taɓa haɗe kowa ba. Mahaifinta yana ciki sau huɗu: Mamman, Muhammadu, Mohammed da Alhaji Ɗanjuma, uku daga ciki an haife su ranar 1 ga Janairu. Wato Innarta, baiwar Allah da ko ƙofar gida ba ta cika leƙawa ba, tana zaune da maza huɗu.

Sai Yarima. Shi duk Bawon da ya gani ɗan Bayajidda ne, kuma ba ya ajiye wayar sai ya kai mu bakin rijiyar Kusugu. A gurbin da manhajar ke neman dalilin haɗewa yakan rubuta: “An sani.”

Akwai kuma mai bin dare yana warware abin da aka ƙulla da rana. Wannan ina tausaya masa, don ni ne.

Da abin ya ishe ni, na ɗauki kwamfuta na tafi wurin Goggo, wadda ta haddace gidan nan tun daga tushe. Na nuna mata Garba biyu.

“Goggo, wanne ne naki?”

Ta ja mayafi ta kau da kai. Ashe ɗayan mijinta ne, ɗayan ɗan farinta.

“Kai, ɗan nan! Rubuta mai sunan Malam.”