Aikin Furotokol, Cinikin Biri a Sama

Fataken da suka riƙa taka sayyada daga Kano zuwa Salaga neman goron Gwanja ba sa biyan kuɗin huhu sai an kwance shi, an ɗaga ganye, an duba ko sankara ta ci. Jikokinsu kuwa, masu takardar makaranta da wayar shafa, sun waye. Wata murya za ta kira saurayi a Yendi ta ce ita ce Kanar wane, akwai gurbin soja guda ɗaya tak da ya rage a duk faɗin Gana, kuma Allah cikin ikonsa ya sa shi aka tuna. Kafin la'asar an sayar da rago, an tura kuɗi ta MoMo. Bayan magariba wayar Kanar ta mutu, kuma ba ta da ranar tashi.

Abin da ke ciyar da ɗan damfara shi ne sonmu da ƙofar baya, wadda muka yi wa suna mai daɗi, wai furotokol. Idan aka yi shelar aiki a rediyo sai mu taɓe baki mu ce an riga an raba. Idan aka raɗa mana shi a kunne, aka ce kada kowa ya ji, nan take mu gaskata. Mutumin da zai kwashe rabin yini a kasuwar Bawku yana ja-in-ja kan buhun albasa, shi ne zai tura dubban sidi ga wanda bai taɓa gani ba, ya ɓoye wa mahaifiyarsa don tsoron bakin mutane. Ɗan damfara ma bakin mutanen yake tsoro, domin a cikinsu ba a rasa mai tambayar ina ofishin yake. A shekarar 2015 ɗaruruwan matasa suka isa makarantun horar da 'yan sanda na Gana, kowa da akwatinsa da takardar ɗauka, sai a bakin ƙofa suka ji cewa takardun na jabu ne. An yi musu rakiya da addu'a, sun dawo da akwati.

Wani zai ce ai gwamnati ma tana sayar da fom. Haka ne, amma a fili take shelarsa, farashinsa ɗaya ga ɗan sarki da ɗan talaka, kuma fom izinin nema ne kawai. Babu hukumar da ke karɓar kuɗinta ta lambar wani bawan Allah mai suna daban da na Kanar. Wani kuma zai ce ya san wanda ya shiga ta hanya. Ko da an yi, wannan labarin shi ne jarin mazambaci, da shi yake sayar wa mutum ɗari kujera ɗaya. Mai cewa talauci ne, shi ya fi kowa hujja, domin wanda ya shekara biyar yana zaman benci ba ya jin wa'azi. Sai dai talaucin ne ya kamata ya sa a ƙara riƙe ragon, tun da babu na biyu.

Haka zancen yake ga dillalan aikin ƙasashen Larabawa, masu alkawarin albashi da dala da aikin Hajji a kyauta. Cin zarafin 'yan aikin gida ne ya sa Gana ta dakatar da tura su can a 2017, kuma dokar ƙwadago ta 2003 ta wajabta wa kamfanin samar da aiki mallakar lasisi. Ka nemi ganinsa. Idan dillali ya fusata, ka samu amsarka.

Saboda haka, ɗan'uwa, aiki shi ke biyan mutum. Wanda ya ce ka biya yau, ka yi sauri, ka yi shiru, ka kai zancensa majalisa, sannan ka kira 292, lambar hukumar tsaron intanet ta Gana. A kwance huhu kafin a ƙirga kuɗi.